Yadda furotin NFAT yake tayar da ƙwayoyin T, kuma yake ja musu birki

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin likitanci, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A darasin garkuwar jiki an koya mana cewa furotin da ake kira NFAT shi ne yake tayar da ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, su fara yaƙi, shi ya sa ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda maganin da yake hana shi aiki. To amma kuma na karanta cewa ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda suke hana garkuwar jiki auka wa jikin da take karewa, su ma da NFAT suke aiki. Ta yaya abu guda zai zama shi ne mai hura wuta kuma shi ne mai kashe ta?

Amsa: Duka maganganun biyu da ka ji daidai ne, kuma ruɗanin yana zuwa ne daga yadda ake zana NFAT a kan allo kamar maɓallin lantarki, a danna wuta ta kawo, a sake wuta ta ɗauke. NFAT ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Abin da ƙwayar T za ta zama bayan ya shiga cibiyarta, wato ɗakin da DNA yake zaune a cikin ƙwaya, ya dogara ne da furotin ɗin da ya tarar a can suka zauna tare a kan DNA, ko kuma da rashin samun abokin zama gaba ɗaya. Yanayi uku ne ya kamata ka riƙe: NFAT tare da AP-1, da NFAT shi kaɗai, da NFAT tare da FOXP3. Kowanne yana haifar da ƙwaya mai hali daban.

Kafin in shiga cikinsu, ya kamata mu daidaita a kan abin da irin wannan furotin yake yi. Ƙwayar T da take hutawa a cikin jini da wadda take tsakiyar yaƙi da cuta DNA ɗinsu iri ɗaya ne, babu ƙari babu ragi. Bambancinsu yana cikin sassan gado da ake karantawa a kwafe su zuwa RNA, daga nan a ƙera furotin. Furotin mai sarrafa kwafi shi ne wanda yake gane wani gajeren jerin haruffa a kan DNA, ya maƙale a wurin, sannan ya jawo injin kwafin ko ya kore shi. Saboda haka tayar da ƙwayar T, idan an bi shi zuwa tushe, sauya jerin sassan gadon da ake karantawa ne, kuma NFAT yana cikin waɗanda suke fara wannan sauyi a mintunan farko.

A ƙwayar da take hutawa, NFAT yana nan a shirye amma a wajen cibiya, ɗauke da fosfet masu yawa waɗanda suka naɗe shi suka ɓoye ɓangaren da yake zama takardar izinin shiga cibiya. A NFAT1, alal misali, wurare 14 ne a sashen da yake sarrafa shi suke ɗauke da fosfet, kuma 13 daga cikinsu ake cirewa idan saƙo ya zo. Saƙon yana farawa ne lokacin da makarɓin da yake saman ƙwayar T ya gane ɗan guntun furotin na baƙo wanda wata ƙwaya ta ɗora a kan MHC, wani furotin da yake samanta kamar faifai, ta nuna masa. Daga nan wasu enzayim biyu na cikin ƙwayar T, Lck da ZAP-70, suke kama aiki, su kai ga enzayim ɗin da yake tsaga wani kitse na fatar ƙwaya gida biyu, IP3 da DAG. Ka lura da wannan rabuwa da kyau, domin amsar tambayarka kusan duka a nan take. IP3 yana buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya, wani furotin mai suna STIM1 ya ji rumbun ya ragu, sai ya je ya buɗe ƙofar ORAI1 da take fatar ƙwaya, kalsiyam na waje ya kwararo ciki har yawansa ya ninka kusan sau 10. Kalsiyam ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, su biyun su tayar da enzayim ɗin da ake kira kalsinurin, shi kuma kalsinurin ya ciccire fosfet ɗin da suke jikin NFAT, ya shige cibiya cikin 'yan mintuna. Akwai kuma enzayim irin su GSK3 da CK1 da suke mayar masa da fosfet su koro shi waje, don haka NFAT ba ya zama a cibiya sai idan kalsiyam ya ci gaba da shigowa. Wannan ne dalilin da ya sa taɓawa ta ɗan lokaci ba ta isa tayar da ƙwayar T ba.

Ɗaya reshen, wato na DAG, shi ne yake bi ta Ras da sauran enzayim har ya sa a ƙera AP-1, wanda haɗakar furotin biyu ne, Fos da Jun. Wannan reshe ba ya yin ƙarfi yadda ya kamata sai an sami saƙo na biyu, wanda yake zuwa idan furotin CD28 da yake saman ƙwayar T ya haɗu da CD80 ko CD86 a jikin ƙwayar da take nuna baƙon, kuma ita ba ta fito da su da yawa sai ta ga alamun cuta ta gaske. A ɗakin binciken Gerald Crabtree da yake Jami'ar Stanford aka fara gano NFAT a shekarar 1988, a matsayin wani abu da yake maƙale wa sashen da yake kunna gadon IL-2, wato saƙon da yake sa ƙwayoyin T su hayayyafa, a cikin ƙwayoyin T da aka tayar. A 1998 aka ga siffarsa ƙarara: NFAT da Fos da Jun suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan ɗan gajeren DNA, kowa yana riƙe da ɗan'uwansa, ta yadda haɗakar take daɗewa a wurin fiye da yadda kowannensu zai daɗe shi kaɗai. Idan wannan haɗaka ta tabbata, sai ƙwaya ta fara zubo IL-2, ta fito da CD25 domin ta riƙa jin IL-2 ɗin da kyau, ta shiga rarrabuwa, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ne fuskar NFAT da aka koya muku.

Magungunan dashe sun riga wannan ilimi zuwa. An samo saiklosporin daga wani nau'in funfuna da aka tsinto a cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norway, Roy Calne ya fara gwada shi a kan masu dashen ƙoda a Cambridge ta Ingila a 1978, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1983, alhali ba a san ainihin abin da yake kamawa a cikin ƙwaya ba. Takrolimus kuwa daga wata bakteriya ta cikin ƙasa aka samo shi a Japan a 1984. Sai a 1991 ɗakin binciken Stuart Schreiber ya nuna cewa magungunan biyu, duk da siffarsu ta bambanta kuma kowanne da furotin ɗin da yake fara kamawa, a wuri guda suke ƙarewa, wato suna toshe kalsinurin. Idan kalsinurin bai yi aiki ba, NFAT ya maƙale a waje, babu IL-2, babu rarrabuwa, ƙodar da aka dasa ta sami sarari.

Yanzu ka yi tunanin ƙwayar T da ta gane wani abu amma ba ta sami saƙo na biyu ba, kamar yadda yake faruwa idan abin da ta gane furotin ne na jikin mutum kansa a wurin da babu kumburi. Kalsiyam zai shiga, NFAT zai isa cibiya, amma zai tarar AP-1 bai taru ba. A irin wannan yanayi ba komawa yake yi hannu rabbana ba. Yana zama a wasu wurare na daban a kan DNA ya kunna sassan gadon da suke dakushe ƙwayar: wasu enzayim irin su Cbl-b da Itch da GRAIL waɗanda suke sa wa furotin ɗin da suke isar da saƙo alamar a lalata su, da kuma wani enzayim da yake cinye DAG, wanda yake ƙara raunana reshen AP-1 nan gaba. Sakamakon shi ne ƙwayar da take raye amma ta zama kurma, ko an sake nuna mata abin nan tare da cikakken saƙo na biyu ba za ta motsa ba. An bayyana wannan hali tun 1987, amma ɗakin binciken Anjana Rao ne ya nuna a 2002 cewa NFAT marar abokin zama ne yake jagorantarsa. Wani abin lura a nan, wanda ɗalibai da yawa ba sa kula da shi, shi ne saiklosporin yana hana wannan kurmancewa faruwa, ma'ana maganin da yake hana ƙwaya tashi shi ne kuma yake hana ta koyon haƙuri.

Makamancin haka yana faruwa ga ƙwayoyin T masu kisa idan yaƙi ya ƙi ƙarewa, kamar a ciwon daji ko cutar bairas mai daɗewa a jiki. AP-1 ba ya jure tsawon lokaci, yana tashi ya faɗi, amma kalsiyam yana ci gaba da tura NFAT ciki muddin abokin gaba yana nan. A 2015 aka ƙera wani NFAT1 wanda kullum a kunne yake amma aka canza wurin da yake riƙe AP-1, aka sa shi cikin ƙwayoyin T na ɓeraye, sai suka fito da PD-1 da LAG-3 da TIM-3, wato alamun ƙwayar da ta gaji. Daga baya aka gano cewa TOX da dangin NR4A, waɗanda NFAT yake kunnawa, su ne suke tabbatar da gajiyar ta zauna. A ganina kalmar gajiya tana ɗan ɓatar da mutane, domin ƙwayar ba ƙarfinta ne ya ƙare ba, shiri ne aka kunna da gangan domin kada yaƙin da ba ya ƙarewa ya cinye naman jiki.

Yanayi na uku shi ne wanda ka fi tambaya a kai, kuma labarinsa ya faro ne daga wasu ɓeraye. A 1949, a ɗakin gwaje-gwaje na Oak Ridge da yake jihar Tennessee ta Amurka, aka lura da wani zuri'ar ɓeraye da mazansu suke fitowa da fata mai ɓamɓarewa da kumburarrun kaluluwa, su mutu cikin makonni uku zuwa huɗu. Shekaru da dama bayan haka, a 1995, Shimon Sakaguchi ya nuna cewa akwai wani ƙaramin rukuni na ƙwayoyin T masu ɗauke da alamun CD4 da CD25 a samansu wanda idan aka cire shi garkuwar jikin ɓera takan auka wa gaɓoɓinsa. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano sashen gadon da ya lalace a waɗancan ɓeraye, aka sa masa suna Foxp3, kuma a shekarar aka tabbatar da cewa lalacewarsa ce take haddasa wata cuta ta jarirai maza da ake kira IPEX, wadda aka fara bayyanawa a 1982. A 2003 aka haɗa zaren: FOXP3 shi ne furotin da yake mayar da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Waɗannan mutane uku, Sakaguchi da Brunkow da Ramsdell, su ne suka sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Cutar IPEX tana nuna abin da yake faruwa idan birki ya tsinke. Jariri yakan fara da zawo mai tsanani wanda ba ya tsayawa saboda garkuwar jikinsa tana cin hanjinsa, ga ciwon sukari tun yana ɗan makonni ko watanni, ga kumburin fata, kuma idan ba a yi magani ba yawancinsu ba sa wuce shekaru biyu na farko. Sashen gadon yana kan kuromosom X, shi ya sa maza ne suke kamuwa. Uwar da take ɗauke da shi kuwa lafiyarta ƙalau, duk da cewa wani kaso na ƙwayoyinta yana amfani da lalataccen kwafin, domin masu tsawatarwa da suke da kwafi mai kyau sun isa su riƙe kowa. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa zaman lafiyar garkuwar jiki aiki ne da wasu ƙwayoyi suke yi a kan wasu a kowace rana, kuma su ɗin ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 da suke jini ba.

Inda NFAT ya shigo shi ne aikin da aka wallafa a 2006, wanda ya nuna cewa FOXP3 yana iya zama kusa da NFAT a kan DNA a daidai gurbin da Fos da Jun suke zama a gadon IL-2. Idan FOXP3 ne ya cike gurbin, NFAT ɗin da zai kunna IL-2 a wata ƙwayar sai ya zama cikin masu rufe shi, sannan haɗakar ta ƙara yawan CD25 da CTLA-4, wani furotin na saman ƙwaya da yake jan birki. Da aka canza ɓangaren FOXP3 da yake taɓa NFAT, sai ya kasa rufe IL-2, ya kasa ɗaga CTLA-4, kuma ƙwayoyin da suke ɗauke da shi suka kasa kare ɓeraye daga ciwon sukari. Haka kuma NFAT yana da hannu wajen kunna FOXP3 kansa a ƙwayoyin da suke zama masu tsawatarwa a wajen taimos (gaɓar da take cikin ƙirji inda ƙwayoyin T suke girma), musamman a hanji, inda yake aiki tare da Smad3 wanda saƙon TGF-beta yake tayarwa. Sai dai kada ka ɗauka NFAT ne kaɗai abokin FOXP3, domin yana hulɗa da ɗaruruwan furotin, kuma gwaje-gwaje a ɓeraye sun nuna cewa masu tsawatarwa da suka fito daga taimos suna iya aiki da NFAT kaɗan, ƙasa da abin da ƙwayar yaƙi take buƙata.

Akwai wani ɗauri a cikin tsarin da nake ganin ya fi kowane ban sha'awa. Mai tsawatarwa ba ta iya ƙera IL-2, tunda FOXP3 ya rufe shi, amma kuma ba ta rayuwa sai da shi. Dole ta dogara da IL-2 da ƙwayoyin yaƙi suke zubowa ta hanyar NFAT da AP-1, kuma saboda CD25 ɗinta yana da yawa, ita take fara kwashe shi. Ke nan duk lokacin da yaƙi ya yi zafi, abincin masu tsawatarwa yana ƙaruwa, adadinsu ya hau. A ɗaya gefen, CTLA-4 da yake jikinsu yana fizge CD80 da CD86 daga ƙwayoyin da suke nuna baƙo ya haɗiye su, abin da aka nuna a 2011, don haka ƙwayar T da ta zo daga baya ba za ta sami saƙo na biyu ba, NFAT ɗinta ya shiga cibiya ya tarar babu AP-1. Mutanen da aka haifa da lalatacciyar ƙofar kalsiyam sun tabbatar da cewa hanya ɗaya ce take riƙe da ɓangarorin biyu. An gano ORAI1 a 2006 ta hanyar nazarin wani iyali da jariransu ba su da garkuwa, kuma yaran da STIM1 ɗinsu ya lalace suna fama da cututtuka masu yawa, a lokaci guda kuma garkuwar jikinsu tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsu, wato rashin kariya da rashin birki a jiki guda.

Tunda a kan mutum za ka yi aiki, dole in ja hankalinka kan inda mutum ya bambanta da ɓera. A ɓera, ganin Foxp3 a cikin ƙwaya kusan shaida ce cewa mai tsawatarwa ce. A mutum ba haka ba ne, domin ƙwayoyin T na yau da kullum idan aka tayar da su suna fito da FOXP3 na ɗan lokaci, ba mai yawa ba, sannan ya ɓace ba tare da sun zama masu tsawatarwa ba. Haka CD25 ma yana hawa a kowace ƙwayar da ta tashi. Wannan ya sa rahotanni da dama da suka ƙirga masu tsawatarwa a jinin majinyata masu kumburi ta hanyar FOXP3 kaɗai suke buƙatar a karanta su da taka-tsantsan. Masu bincike suna ƙarawa da ƙarancin wata alama ta saman ƙwaya mai suna CD127, amma shaidar da ta fi inganci tana kan DNA ɗin kansa: akwai wani yanki a cikin gadon FOXP3 wanda a mai tsawatarwa ta gaskiya an share masa alamun metil, yayin da a ƙwayar da ta ari FOXP3 na ɗan lokaci alamun suna nan daram. Bugu da ƙari, mutum yana ƙera FOXP3 iri biyu manya, cikakke da wanda aka tsallake masa wani yanki, ɓera kuwa cikakken kaɗai yake ƙerawa. Abin da ya faru a Landan a watan Maris na 2006 ya nuna hatsarin manta wannan tazara, lokacin da aka gwada maganin TGN1412, mai tayar da CD28 da ƙarfi, wanda makamancinsa ya haɓaka masu tsawatarwa a dabbobin gwaji. Mutane shida masu lafiya da aka yi wa allurar duk sun faɗa mummunan hali cikin sa'o'i saboda ambaliyar saitokin, wato saƙonnin da ƙwayoyin garkuwa suke zubowa, gaɓoɓinsu suka fara gazawa, ko da yake dukansu sun rayu.

Da wannan za ka fahimci damuwar likitocin dashe game da takrolimus da saiklosporin. Suna hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, babu shakka, kuma su ne ƙashin bayan maganin har yau. Amma ta hanyar toshe kalsinurin suna yanke IL-2 da masu tsawatarwa suke rayuwa da shi, suna rage kunna FOXP3, suna kuma hana kurmancewar da zai iya sa jiki ya saba da baƙuwar gaɓa, ban da illarsu ga ƙodar kanta da hawan jini da ciwon sukari, tunda kalsinurin yana aiki a wasu sassan jiki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa yawancin majinyata suke shan maganin har ƙarshen rayuwarsu. Sirolimus, wanda aka samo daga bakteriyar ƙasar tsibirin Rapa Nui, yana fara kama furotin ɗaya da takrolimus yake kamawa, amma wani enzayim daban mai suna mTOR yake toshewa, ba ya taɓa kalsinurin, don haka masu tsawatarwa sun fi jure masa, kuma ana amfani da shi ga wasu yara masu IPEX kafin a kai ga dashen ɓargo. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 2011 aka wallafa gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Paris kan masu kumburin jijiyoyin jini da cutar hanta nau'in C ta haddasa, ɗaya a Boston kan waɗanda ƙwayoyin ɓargon da aka dasa musu suke yaƙar jikinsu, inda aka ba da IL-2 ɗan kaɗan. Adadin masu tsawatarwa ya ƙaru a jinin majinyatan, wasunsu kuma suka sami sauƙi, saboda a wannan ƙaramin ma'auni ƙwayoyin da suka fi yawan CD25 ne suke fara jin saƙon kafin ƙwayoyin yaƙi su ji.